Feshi Daga Sama: Wa Ke Neman Izinin Wanda Ke Ƙasa?

Da zarar hadarin farko ya haɗu a kan duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, sai shagunan kayan noma na kasuwar Muda Lawal da ta Wunti su sauya kama. Galan-galan da kwalaben maganin ciyawa su cika gaban shago har bakin hanya. Manomin da ya fito daga Liman Katagum ko Zungur ko Galambi ya riga ya yi lissafinsa tun daga gida: abin da zai biya 'yan ƙwadago su yi masa noman fari ya fi kuɗin 'yan litocin magani nesa ba kusa ba, gayya kuma ta kusa zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. Sai ya sayi maganin, ya goya injin feshi a baya, ya shiga gona, sau da yawa babu takalmi babu safar hannu.

Akwai haɗari a cikin wannan, kuma ba ƙarami ba ne. Amma haɗari ne da ke da fuska da suna. Idan iska ta kwashi feshin ta ƙona waken maƙwabci, maƙwabcin ya san wanda ya yi, ya san ranar da aka yi, wani lokaci ma yakan tsinci kwalbar a kan iyakar gona. Za a je gaban mai unguwa, a ba da haƙuri ko a biya. Feshin da ake saki daga jirgi ne ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ke ƙasa bai ga matuƙi ba, bai san sunan abin da ya sauka a kan gonarsa da rijiyarsa ba, ba a shawarce shi ba kafin a yi, kuma idan abu ya lalace bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Yanzu da kamfanoni ke tallata jirage marasa matuƙa na feshi ga gwamnatocin jihohi da manyan manoma, maganin ciyawan da ke bayan manomi yana dab da hawa sama. Ya kamata a rubuta haƙƙin wanda ke ƙasa kafin hakan ta zama ruwan dare, kuma alƙalamin da zai rubuta shi yana hannun ma'aikatan da ke shirya takardu a Abuja.

Feshi da jirgin sama ba baƙon abu ba ne a jihar Bauchi. An daɗe da saninsa ta hanyar yaƙi da jan-baki. A tsakiyar shekarar 2020, lokacin da Sabo Nanono ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta sanar da ware kimanin naira biliyan 13 don yaƙar jan-baki da fari da sauran ƙwari masu tsallaka iyaka a jihohi 12 na Arewa, kuma Bauchi na cikinsu tare da maƙwabtanta Jigawa da Yobe da Gombe da Kano. Duk wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a kan gonar shinkafa a fadamar Zaki ko Gamawa ko Itas-Gadau ba zai tsaya jayayya kan ko ya kamata a yi wani abu ba. Nauyin tsuntsun kimanin giram 20 ne kawai, amma yana cin kimanin giram 10 na hatsi a wuni. Garke mai miliyan biyu zai iya lashe tan 20 tsakanin asuba da magariba, wato buhu 200 masu kilo ɗari-ɗari. Kachallar da ta mamaye hanyoyin ruwa na kwarin Haɗeja da Jama'are ta zame masa makwanci da wurin hayayyafa. Yara kan bar makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani da ihu har murya ta dushe. Manomin da ke cikin wannan hali, ƙarar jirgi a kunnensa albishir ce.

Sai dai a duba abin da jirgin ke ɗauke da shi. Maganin da aka fi sani da wannan aiki a Afirka shi ne fentiyon, wanda ake sayarwa da sunan Queletox. Dangin gubar da ke taɓa jijiyoyi ne, dangi ɗaya da fiya-fiyan da kowane gida ya sani. Idan ya shiga jikin mutum ta fata ko ta numfashi ko ta baki, yakan hana jijiyoyi hutawa: miyau ya yi ta dalala, zufa ta karyo, amai da gudawa su biyo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, in abin ya yi tsanani numfashi ya tsaya. Ana fesa shi ne da yamma liƙis, lokacin da tsuntsayen suka dawo makwanci, kuma da gangan ake niƙe shi ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai don ya daɗe a iska ya tarar da su. Wannan lokacin kuwa shi ne lokacin da makiyayi ke koro shanu mashaya, mata ke ɗiban ruwan ƙarshe na wuni, masunci ke kafa kalli. Da gari ya waye ƙasa ta rufe da matattun tsuntsaye. Jan-baki kuma nama ne. Ana soya shi, ana sayar da shi a tasha da kasuwa. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci mushen su ma sukan bi sahu.

Jami'ai sukan yi gargaɗi cewa kada a ci tsuntsayen da aka fesa, kuma wannan daidai ne. Amma gargaɗin da aka yi a gaban 'yan jarida ranar ƙaddamar da aiki a babban birnin jiha daban, sanarwar da ta isa kunnen Bafillatanin da ke ruga a bayan fadama daban. Na farko yana wanke ofis daga zargi. Na biyu ne ke hana yaro tsintar mushe.

Akwai wani abu da ya faru a Janeba a watan Mayun 2025 da ya cancanci ma'aikatan tarayya su tsaya a kansa. A taron ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Rotterdam, an shigar da fentiyon mai ƙarfi, irin wanda ake fesa wa jan-baki, cikin jerin magunguna masu haɗari da ba za a aika wa wata ƙasa ba sai an sanar da ita ta kuma amince. Ƙasar da ta fara kai wannan buƙata ita ce Chadi, bayan gubar ta kama mutane a wurin aikin yaƙi da jan-baki, kuma sai da aka shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja kafin a cim ma matsaya. Yarjejeniyar ba ta haramta maganin ba. Abin da ta ce kawai shi ne a sanar, a yi bayani, a nemi amincewa, sannan a kawo. Najeriya na cikin yarjejeniyar, kuma tana cin moriyar wannan ƙa'ida a matsayinta na ƙasa. To, idan har gwamnati na da haƙƙin a sanar da ita kafin gangar magani ta sauka a tashar Apapa, da wace hujja za a hana dagacin wani ƙauye a Zaki sanin cewa gobe da magariba abin da ke cikin gangar zai sauka a kan tafkin da mutanensa ke sha?

Feshin jan-baki, duk da illarsa, yana da iyaka: makwanci ɗaya, dare ɗaya, sau ƙalilan a shekara. Maganin ciyawa ba haka yake ba. Ana fesa shi kowace damina, a kan fili mai faɗi, kuma an ƙera shi ne don ya kashe tsiro. A nan ne siffar gonar Bahaushe ta zama muhimmiya. Jirgin feshi an yi shi ne don gonar da ke da amfani iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar gonakin waken suya na Ajantina da Birazil inda mutum zai yi tafiyar kilomitoci bai ga bukka ba. Gonar da ke bayan garin Bauchi kuwa 'yar kadada ce, gero da wake a kunya ɗaya, gyaɗa a gefe, riɗi a gonar da ke maƙwabtaka, kuɓewa da yakuwa a kan iyaka. Maganin da ake fesa wa shinkafa ko masara don kashe ciyawa mai faffaɗan ganye ba ya taɓa su, amma wake da gyaɗa da riɗi da tumatir duk masu faffaɗan ganye ne. Ɗan abin da iska ta ɗauko ya isa ya nannaɗe musu ganye ya zubar da fure.

Sannan akwai itatuwan da ke tsaye a tsakiyar gonaki, ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, waɗanda ba sa cikin lissafin mai kwangilar feshi amma su ne jarin matan ƙauye: kalwa da man kaɗe da garin kuka. Akwai amya da ake ratayewa a rassansu. Har ita kalmar ciyawa sai an yi hattara da ita. Abin da takardar jikin galan ke kira ciyawa, a ƙauye wani tafasa ne, wani lalo, wani gasaya, wato miya da kwaɗon da ke riƙe gida a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wani kuma abincin akuya ne da ake yanka a ɗaure a kai kasuwa. Mai gona yana da ikon kashe su a gonarsa. Ba shi da ikon kashe su a gonar wani, kuma jirgi bai san kunya ba.

Ba sai matuƙi ya yi ganganci ba kafin feshi ya kauce. Gwargwadon ƙanƙantar ɗigo da nisan inda aka sake shi daga ƙasa, gwargwadon nisan da iska za ta kai shi. Zafin rana yana busar da ɗigon tun yana sama ya ƙara masa sauƙi. Lokacin da iska ta kwanta lamo, da sassafe ko da almuru, shi ma ba amintacce ba ne, domin a irin wannan lokaci feshin yakan tsaya kamar hazo kusa da ƙasa ya gangara inda ya ga dama. A Amurka, inda akwai dokoki da na'urori da lauyoyi, an ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai maganin ciyawa na daikamba ya kauce ya lalata kimanin eka miliyan 3.6 na waken suya a gonakin waɗanda ba su fesa shi ba, alhali da motocin feshi na ƙasa aka yi aikin. Jirgi maras matuƙi yana tashi ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya sa ya fi babban jirgi dama-dama. Yana kuma raba manomi da goyon guba a bayansa, wanda ba ƙaramar riba ba ce. Amma tankinsa ƙarami ne, don haka ana haɗa maganin da kauri, a fesa shi da ƙananan ɗigo. Abin da ya kauce daga gare shi ya fi na injin goyo ƙarfi.

Game da lafiyar mutum, adalci shi ne a bambanta magungunan. Gilifoset, wanda aka fi sani da sunan Roundup da ire-irensa, har yau masana ba su daidaita a kansa ba. A watan Maris na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. Hukumar kare muhalli ta Amurka da hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ba su yarda da haka ba, kuma a ƙarshen 2023 Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara goma. Farakwat, wanda manoma suka sani da Gramoxone, babu jayayya a kansa: kurɓi ɗaya na iya kisa, yana cin huhu, ba shi da makari. Turai ta rabu da shi tun 2007. Atirazin kuwa matsalarsa ruwa ce, yana daɗewa bai narke ba, yana bin ƙasa ya shiga rijiya da rafi, dalilin da ya sa Turai ta janye shi a 2004. Hukumar NAFDAC ta sanar da janye farakwat da atirazin daga kasuwar Najeriya mataki-mataki tsakanin 2024 da 2025. Sanarwa kuwa ba ta kwashe galan daga kan kanta. Sai wani ya je ya duba.

Wannan batu na ruwa ya shafi mazaunin GRA kamar yadda ya shafi na ƙauye. Garin Bauchi yana shan ruwan famfo ne daga madatsar Gubi, kuma duk abin da aka zuba a gonakin da ke gangarowa cikinta ruwan sama zai san hanyarsa. Tace ruwa irin na gargajiya, da alam da kilorin, an tsara shi ne don laka da ƙwayoyin cuta. Ba ya cire irin su atirazin yadda ya kamata. Saboda haka layin da za a ja a taswira a ce jirgin feshi ba ya tsallake shi a kewayen Gubi, da tafkin Maladumba da ke Misau, da dajin Yankari, ba alfarma ce ga masu son tsuntsaye ba. Waɗanda suka tuna yadda Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar fiya-fiya a jikinsa sun san cewa sakaci da magani yana da farashi har a kasuwar waje, kuma Bauchi jiha ce da ke alfahari da riɗin da take fitarwa.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi ɗanɗana wannan al'amari ita ce Kolambiya. Daga 1994 zuwa 2015, da tallafin Amurka, jirage sun fesa gilifoset a kan kusan hekta miliyan 1.8 da nufin kashe ganyen da ake yin hodar iblis da shi. Manufar ba mai muni ba ce a takarda. A ƙasa kuwa rogo da ayaba da masarar talakawa sun ƙone tare da abin da aka nufa. Maƙwabciyarta Ekwado ta kai ƙara Kotun Duniya a 2008 saboda feshin da ke tsallako mata iyaka, kuma a 2013 aka sasanta: Kolambiya ta biya dala miliyan 15, ta kuma amince da barin tazara a bakin iyaka inda jirgi ba zai yi feshi ba. A 2015 ta dakatar da shirin gaba ɗaya. Da wata gwamnati ta yi yunƙurin dawo da shi, kotun tsarin mulkin ƙasar ta taka mata birki a farkon 2022, kuma dalilinta shi ne ba a saurari al'ummomin da abin zai shafa yadda ya kamata ba.

Amma darasin da ya fi amfani ga ma'aikacin gwamnati yana wani wuri da ba a cika ambata ba. Masana tattalin arziki biyu na ƙasar, Adriana Camacho da Daniel Mejía, sun wallafa bincike a 2017 da ya nuna cewa a inda aka yi feshi an samu ƙarin masu zuwa asibiti da ciwon fata da na numfashi, da ƙarin ɓarin ciki. Yadda suka iya gano haka shi ne abin lura. Hukuma ta ajiye bayanin inda aka fesa da ranar da aka fesa, asibitoci kuma sun ajiye bayanin wanda ya zo da ranar da ya zo da abin da ke damunsa. Sai aka ɗora wannan kan wancan. Ba don waɗannan littattafai biyu ba, da kukan mutanen karkara ya tsaya a matsayin jita-jita, kowa ya ce Allah ne ya kawo. Matar da ta yi ɓari kwana uku bayan wucewar jirgi ba ta da hanyar tabbatar da komai ita kaɗai. Rijista ce shaidarta, kuma wanda ya ƙi ajiye rijista ya riga ya yanke mata hukunci tun ba ta shigar da ƙara ba.

A Paraguwai abin ya kai ga rai. Wani matashin manomi, Rubén Portillo Cáceres, ya rasu a watan Janairun 2011 a wani ƙauye da manyan gonakin waken suya suka yi wa zobe, wasu mutum fiye da ashirin kuma suka kwanta asibiti da alamu iri ɗaya. A 2019 Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke cewa gwamnatin ƙasar ta keta haƙƙinsu na rayuwa. Ba gwamnati ce ta yi feshin ba. Masu gonaki ne. Laifinta shi ne tana da dokar tazara tsakanin gona da gidaje, an kai mata kuka, ba ta aiwatar ba. Kwamitin ya kuma ɗauki gonar ƙaramin manomi da dabbobinsa da itatuwansa da ruwansa a matsayin wani ɓangare na gidansa da doka ke karewa, fahimtar da kowane Bahaushen karkara zai gane ba tare da tafinta ba. A Ajantina wata kotu a Kordoba ta samu manomi da matuƙin jirgi da laifi a 2012, bayan gwagwarmayar iyaye mata na unguwar Ituzaingo. Tarayyar Turai kuwa tun 2009 ta mayar da haramci shi ne asali: ba a feshi daga sama sai da izini na musamman, bayan an nuna babu wata hanya.

Najeriya ba ta rasa ginshiƙin doka ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare rai, sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan adam, wadda ta zama dokar cikin gida tun 1983, ta tanadi haƙƙin lafiya a sashe na 16 da na muhalli mai kyau a sashe na 24, kuma a kan wannan sashe na 24 ne kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta samu gwamnatin tarayya da gazawa a 2012 game da gurɓatar yankin Neja Delta. Wato hanyar shari'a a buɗe take, kuma wata rana wani lauya zai bi ta a madadin wani ƙauye. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon aiki. NAFDAC ke yi wa magani rijista. NESREA ke da dokokin sinadarai masu haɗari da muhalli. Hukumar NCAA ke ba jirgi izinin tashi, jirgi maras matuƙi kuma sai ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ya sa hannu. Ma'aikata ke ba da kwangila, jiha ke nuna wuri, ƙaramar hukuma ke da ɗakin shan magani. Kowannensu zai iya cika aikinsa tsaf, ya rufe fayil da kwanciyar hankali, alhali babu ko ɗaya da aka ɗora wa tambayar ko an gaya wa mutanen da ke ƙasa. Tuwon gidan biki ke nan, masu hannu da yawa, ba mai tukunya.

Za a ce jan-baki ba ya jiran taron tuntuɓa, kuma ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta da sukunin ɗora wa noma sababbin sharuɗɗa. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Amma ba a gano makwancin tsuntsu da rana a fesa shi da yamma. Sai malaman gona sun yi kwanaki suna bin sawu, an auna wurin, an kawo mai da magani, an nemo jirgi. A cikin waɗannan kwanaki akwai sararin da za a aika wa hakimi da dagaci da arɗo, a sa mai shela ya zaga, a faɗa a masallacin Juma'a da coci da gidan rediyo, da Hausa da Fulfulde da Kanuri inda ake jin su. Kuɗin wannan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin sa'o'in tashin jirgi. Game da maganin ciyawa kuwa hujjar gaggawa ba ta ma taso ba, domin ciyawa ba ta sauka da dare kamar fari. Mai gona ya san da zuwanta tun kafin ya yi shuka. Kuma abinci ba shinkafar babban manomi kaɗai ba ce. Waken da ya ƙone a gonar gwauruwa shi ma abinci ne, sai dai ba ya shiga rahoton da ake kai wa minista.

Ba kuma feshi ne kaɗai makami ba. A kewayen tafkin Chadi akwai mafarautan da suka gaji kama jan-baki da raga da dare, su sayar da shi lafiyayye ba guba. Yashe hanyoyin ruwa da cire kachalla a kwarin Haɗeja da Jama'are yana rage makwancin tun daga tushe, yana kuma buɗe wa masunta da manoman rani ruwa. Sai dai irin wannan aiki ba shi da ranar ƙaddamarwa mai jirgi a bayan manyan baƙi, wataƙila shi ya sa kasonsa ke wahalar fitowa.

Mataimaki na musamman da ke rubuta wa minista jawabi, da mataimakin darakta da ke tsara takardar neman 'yan kwangila, ba sai sun jira Majalisar Tarayya ta yi sabuwar doka ba. Takardar kwangila tana da gurbin sharuɗɗa na musamman, kuma abin da aka rubuta a wurin shi ne ke ɗaure ɗan kwangila. Ana iya rubuta cewa ba za a biya kuɗin tashi ba sai an gabatar da shaidar sanar da masu unguwanni aƙalla kwana biyu kafin feshi, ɗauke da sunan maganin da tsawon kwanakin da za a nisanci ruwa da makiyaya. Ana iya rubuta tazarar da za a bari daga gidaje da makarantu da rijiyoyi da mashaya, da ƙarfin iskar da idan ta wuce shi jirgi zai sauka. Bayanin hanyar da jirgi ya bi, wanda na'urarsa ke ajiyewa ko an so ko ba a so ba, a miƙa wa ma'aikata da ofishin BSADP a Bauchi, ya zama abin da kowa zai iya nema ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. A ware wani kaso na kuɗin kwangilar a riƙe har bayan girbi don biyan wanda amfaninsa ko dabbarsa ta lalace, a kuma faɗi sunan ofishin da zai karɓi kukansa a ƙaramar hukumarsa, ba a Abuja ba. Hukumar NCAA ita ma tana iya ɗora irin waɗannan sharuɗɗa a kan izinin duk jirgi maras matuƙi da zai ɗauki maganin ciyawa, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa.

Ɓangaren lafiya shi ya fi sauƙi, shi kuma aka fi mantawa da shi. Gubar fentiyon tana da makari, allurar atirofin, mai araha ce, amma dole a yi ta da gaggawa da zarar alamu sun bayyana. Mutumin da ta kama a wani ƙauyen Zaki da magariba ba zai kai asibitin koyarwa na Bauchi a kan lokaci ba, Azare ma tafiya ce a kan hanyar fadama da damina. Don haka allurar, da ma'aikacin da aka koya wa alamun gubar, da littafin da zai rubuta sunan duk wanda ya zo da su, ya kamata su isa ɗakin shan magani mafi kusa da makwancin kafin gangar magani ta isa filin jirgi. Gero na fara nuna ne a watan Agusta zuwa Satumba, shinkafar rani kuma tsakanin Maris da Mayu, kuma takardun kwangilar kowane zango ana rubuta su ne watanni kafin nan.